Warin Gam A Ɗakin Ɗana

Yau labarin gam da fenti na zo miki da shi, kuma na san za ki ce me ya haɗa uwar 'ya'ya huɗu da gam, ita ba kafinta ba, ba mai gyaran takalmi ba. Ki dai gyara zama. Ni ma da wata ce ta ce mini ɗan bututun gam da bai kai tsawon yatsana ba zai hana ni barci, har ya kusa shiga tsakanina da ɗana, da dariya zan yi mata.

A shekarar 2017 maigida ya samu damar ƙaro karatu a Ingila, muka kwashe yara muka bi shi birnin Mancesta. Ƙananan ba su rufa wata uku ba suka saje da 'yan ajinsu, har suna gyara mini Turanci. Babban ne abin ya yi wa nauyi. Kin san ba zan kama sunansa ba, tunda shi ne na fari. Shekararsa 12 a lokacin. Yaron da a Kano sai an aika an kamo shi daga wurin ƙwallo bayan magariba, sai ga shi ya koma kamar baƙo a gidansu. Ya dawo makaranta, ya gaishe ni, ya ci abinci, ya haye sama ya ja ƙofa. In na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau. Maigida kuwa karatu ya sha masa kai, kullum sai ya ce girma ne ke zuwar masa, in ƙyale shi.

Cikin hunturun 2018, lokacin da tagogi ke rufe ruf ana ɗumama gida dare da rana, na hau sama da kayan guga, sai wani wari ya dake ni a bakin ƙofarsa. Wari mai kaifi, mai hawa kai, kamar na ruwan da ake goge jan farce da shi. Na ƙwanƙwasa, na ji ana tura wani abu ƙarƙashin gado da sauri, sannan ya buɗe. Idanunsa sun ɗan yi ja. 'Yar uwa, ke ma uwa ce, ba sai na gaya miki inda zuciyata ta tafi ba. Duk wadda ta tashi a garuruwanmu ta san yaran nan na bakin tasha da lungunan kasuwa, tsumma a dunƙule a hannu ana kai shi hanci, suna shaƙar sholisho ɗin da masu faci ke liƙe tiyub da shi. Na ce shi ke nan, na ɗauko yaro lafiya lau daga garinmu na kawo shi inda ya lalace.

Daren nan ban runtsa ba. Washegari da suka tafi makaranta na shiga ɗakin na jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai bututun gam an sha rabinsa, da 'yar wuƙa mai tsini, da wasu tarkacen roba ruwan toka. Tarkacen ban ko dube su ba, idona abin da ya zo nema kawai ya gani. Na matse sauran gam ɗin a cikin shara, na riƙe bututun ya zama shaida. Da daddare, a gaban mahaifinsa, na ajiye shi a kan tebur na ce, "Kai, tun yaushe ka fara shaƙe-shaƙe?"

Ya ce, "Shaƙe-shaƙen me, Umma?"

Da ya gane abin da nake nufi bai yi gardama ba, bai kuma yi rantsuwa ba. Hawaye ne kawai suka zubo masa. Ya hau sama ya sauko da wani kwali mai hoton jirgin sama a jiki, da ɗan jirgin roba a tafin hannunsa, an haɗa gangar jiki da fuka-fukai, saura ƙananan abubuwa.

Ashe abin wasan Turawa ne da suka daɗe da shi. Ana sayar da jirgi ko mota ko jirgin ruwa gutsi-gutsi a cikin kwali, sassan suna maƙale a jikin wani firam na roba kamar 'ya'ya a jikin reshe, mutum ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya manna, ya yi fenti. Nasa na kamfanin Airfix ne, wanda ke wannan sana'a a Ingila tun wajajen 1950, kuma a jikin kwalin an rubuta 1:72, wato komai na jirgin gaske an rage shi sau 72. Sunan jirgin Hurricane. Na gasken, daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗaya fiffiken mita 12 ne da 'yan kai, na ɗana kuwa santimita 17. Kuɗin kashewarsa ya riƙa tarawa har ya saya, ya kuma ɓoye don ya san zan ce wasan yara ne da ɓarnar kuɗi. Gaskiyarsa, abin da zan ce ke nan. Jan idon kuwa na ƙura wa ƙananan abubuwa ido ne a ƙarƙashin fitila.

Mahaifinsa ya tambaye shi me ya sa wannan jirgin ya zaɓa. Ya ce, "Abba, irinsa ya sauka a Kano." A wani littafin tarihi ya gani a laburaren makarantarsu, kuma daga baya ni ma na karanta na ga haka ne. A lokacin yaƙin Hitila, da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari a 1940, Ingilishi sun riƙa loda jirage a wargaje cikin akwatunan katako, a kawo su ta ruwa tashar Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, sannan su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma Hurricane na ciki. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya kafin yaƙi ya ƙare. Kin ji, yaron da nake zargi da shaye-shaye, kewar gida ce ke cinsa, ya rasa yadda zai faɗa, sai ya zauna yana haɗa jirgin da ya taɓa sauka a garinsu.

Kwana uku, ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa mu.

Kada ki ɗauka tsoron nawa ba shi da tushe. Gam ɗin nan sinadarai ne masu tashi a iska, dangin wanda ke cikin ruwan goge jan farce, kuma akwai lokacin da matasa a Amurka da Ingila suka mai da gam ɗin haɗa jirage abin shaƙa. Har wani kamfanin Amurka mai suna Testors ya riƙa zuba man mastad mai yaji a cikin nasa tun ƙarshen shekarun 1960, don duk wanda ya kai hanci ya ji a jikinsa. Yaro ya zauna da shi a ɗaki rufe kuwa zai iya samun ciwon kai da jiri ko da ba da niyya ba. Abin da ya kamata in ce shi ne ya buɗe taga, ya kuma rufe bututu in ya gama ɗiba. Inda na yi kuskure, na yanke hukunci kafin in tambaya.

To kin san halinmu iyaye, ba mu iya ba ɗa haƙuri da baki ba, sai dai mu ƙara masa nama a miya. Ni sai na ce bari in ƙarasa masa wani abu a jikin jirgin, in ya tashi da safe ya gani ya san na sauko. Da suka yi barci na ɗauko jirgin, na ga murfin mazaunin matuƙi, wata 'yar roba garai-garai kamar gilashi, ba a manna ta ba. Gam ɗinsa na zubar, amma ai ina da sufa gulu a dirowar kicin, wanda nake liƙe hannun kofi da shi. A tunanina gam gam ne. Na zagaye bakin murfin da shi, na danna, na riƙe. Sai da na yi minti goma a bakin famfo da ruwan ɗumi da sabulu kafin in raba babban yatsana da manuni, amma na kwanta ina jin daɗi.

Da safe murfin nan ya yi fari fat ta ciki, kamar an hura masa garin alli. Kujerar matuƙi da ya ɓata dare biyu yana yi wa fenti ba a ko hango ta. A tsakiyar farin kuma ga zanen yatsa nan ɓaro-ɓaro, layi-layi.

Ya sauko da shi ya ce, "Umma, wa ya taɓa mini jirgi?"

Allah Ya yafe mini, na ce, "Ko ƙanenka ne?"

Ya dubi zanen, ya dubi hannuna da ragowar gam ya bushe a kai, ya ce, "Yatsan ya yi masa girma." Sai ya fashe da dariya, dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Sufa gulu da danshi yake kamawa, shi ya sa yake liƙe fatar mutum nan take. Yayin da yake bushewa yana fitar da tururi, in tururin ya rasa hanyar fita sai ya sauka a kan duk inda akwai maiƙo ko gumi ya daskare fari. Da wannan dabarar ce ma 'yan sanda a ƙasashe da yawa ke fito da zanen yatsun ɓarayi a jikin kaya. Ni na kama kaina da kaina. Tunda zancen ya zo, ki kiyaye abu biyu a gidanki. Kada ki goge sufa gulu mai yawa da auduga ko tsumman atamfa, don in suka haɗu zafi suke yi har su ƙona fata. In kuma ya shiga idon yaro, kada ki ɓamɓare fatar idon da ƙarfi, ki wanke da ruwan ɗumi ki kai shi asibiti.

Ranar Asabar ya zo ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya. Yana son sayen sabon gam da wani fentin feshi, amma dokar Ingila ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 16 ba fentin gwangwani, Abbansa kuma ya tafi laburare. Ban bari ya ƙarasa ba na ɗauko hijabina.

Shagon ɗan ƙarami ne, kwalaye har rufi, na Ingila da na Jamus da na wani kamfanin Japan mai suna Tamiya, wanda da katako ya fara a 1946 kafin ya koma roba. Mai shagon wani dattijo ne mai furfura. Ɗana ya fito da jirgin daga kwalin takalmi, dattijon ya sa tabarau ya juya shi, ya ga farin murfin ya yi murmushi bai ce komai ba, na ji daɗin wannan kara da ya yi mini. Sai ya ɗan matsa gefen fiffike da yatsa, sai ga shi ya buɗe baki. Ya ce wa yaron, ka yi fenti a bakin nan kafin ka manna, ko? Yaro ya ce e.

A nan na koyi abin da ban taɓa sani ba. Gam ɗin haɗa waɗannan jirage ba manne ba ne irin na ƙaro, wanda ke shiga tsakanin abu biyu ya riƙe su. Narkar da fuskar robar yake yi. Kin tuna masu liƙin roba da ke bi unguwa-unguwa da ɗan murhu, su gasa ƙarfe su narka bakin tsagar bokiti har ya haɗe? To aikin ke nan, sai dai nan babu wuta, sinadari ne ke narkarwa. In fuska biyu suka narke aka matse su, sinadarin ya bi iska, sai su zama abu guda. Shi ya sa in akwai fenti a tsakani aikin banza ne, gam ɗin bai taɓa roba ba, fenti ya jiƙa kawai. Dole a kankare bakin da bayan wuƙa har sai roba ta fito. Shi ya sa kuma ba ya kama ƙarfe ko katako, kai ko bokitinki ma ba zai kama ba, don robar bokiti daban ce. Tasu ana kiranta folistirin, irin ta gidan faifan CD da wasu cokulan roba na biki. In jirgi ya zo da wani sashe na ƙarfe, a nan ne sufa gulu ke da amfani, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Murfi mai kama da gilashi kuwa farin gam na 'yan makaranta ake sa masa, wanda in ya bushe yake zama garai-garai, ba ya tururi, in ya yi yawa a goge da tsumma mai laima.

Gam ɗin narkarwar ma iri biyu ne. Akwai mai kauri na bututu, irin wanda na zubar, mai yin zare-zare kamar miyar kuɓewa yana ɓata jikin aiki. Akwai kuma mai ruwa-ruwa a 'yar kwalba, da ɗan buroshi a jikin murfinta. Shi wannan ba a shafa shi a sannan a haɗa. Haɗa sassan ake fara yi a riƙe, sai a taɓa bakin buroshin a kan tsagar, gam ɗin ya bi ta da kansa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A jira 'yan daƙiƙu, a matse, sai ki ga wani siririn zare na narkakkiyar roba ya ɓullo a kan layin. Kada a taɓa shi. A bar shi ya kwana, washegari a kankare, sai layin ya ɓace kamar ba a taɓa raba wurin ba. Dattijon ya gargaɗe mu da abu biyu: kada yatsa ya kusanci tsagar, don gam ɗin zai bi ƙarƙashinsa ya buga zanensa a jikin roba, kuma kada a cika, don in ya taru a ciki zai ci gaba da cin robar, bayan kwanaki sai a ga wurin ya lotsa.

Muka sayi kwalba ɗaya, da farin gam, da samfefa mai laushi, da gwangwanin fenti ruwan toka. Na ƙara masa da sabon kwali na jirgin Spitfire daga kuɗin cefane, na ce diyyar murfi ce.

Wannan na biyun tare muka yi shi, a teburin kicin, taga a buɗe duk da sanyi, ni da rigar sanyi biyu. Aikina wanki da riƙo. Kafin a yanko komai, sai da muka wanke firam ɗin gaba ɗaya da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, muka bar shi ya bushe da kansa, saboda maiƙon da kan biyo shi daga masana'anta da na hannun mutane. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Wace mace ce za ta shafa mai a ƙafa sannan ta zauna ƙunshi? Lalle ba ya kama fata mai maiƙo, fenti ma haka. Kowane sashe da abin yanke farce yake yanko shi, ba ya murɗewa, ya goge wurin yankan, sannan ya gwada shi da ɗan uwansa a bushe sau biyu sau uku kafin gam ya zo kusa, kamar tela mai gwada yanka kafin ya hau keke. Cikin jirgi, wato kujera da bango da allon agoguna, shi ake fara yi wa fenti tunda in an rufe hannu ba zai kai ba, sannan a kankare bakunan, a haɗa ɓari biyu na gangar jiki. Abin maƙale shanyata da robar ɗaure kuɗi duk sun ƙare a jikin fuka-fukai.

Sai maganar gwangwanin nan ruwan toka, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. Fentin shimfiɗa ne, masu sana'ar suna ce masa firaima. Na tambayi ɗana, jirgin da za a yi wa kore da ruwan ƙasa, me ya kawo ruwan toka, ga robar ma ruwan toka ce? Ya ce aikinsa daban. Roba santsi gare ta, fentin zamani mai haɗin ruwa in aka shafa mata kai tsaye sai ya riƙa tattarewa, in ya bushe kuma farce ko salatif na iya ɗaye shi. Shimfiɗar ita ke kama roba, fenti kuma ya kama shimfiɗa. Tana kuma mai da komai launi ɗaya, don kada wurin da aka cike ko aka goge ya nuna daban. Ruwan toka ya fi tafiya da kowane launi, in za a yi rawaya ko ja a sa fara, in za a yi ruwan azurfa wasu kan sa baƙa. Dattijon ya ce su a yarintarsu ba su san wata shimfiɗa ba, fentin mai suke shafawa kai tsaye, kuma har gobe akwai masu tsallake ta. Ni dai da na ga aikinta, ina bayan masu yi.

Sai da muka jira kwana biyar kafin a samu ranar da babu ruwa, don danshi da tsananin sanyi suna ɓata feshi. Ya rufe murfin matuƙi da salatif na takarda, ya soke jirgin a jikin wayar rataye kaya. Na tsoma masa gwangwanin a ruwa mai ɗumi-ɗumi na 'yan mintuna. Ki lura, ɗumi na ce, kada a kai shi kusa da wuta ko tafasasshen ruwa, fashewa zai yi. Ya girgiza shi minti biyu cur, muka fita bayan gida. Tazarar kamar taƙi ɗaya ake bari. A fara fesawa a gefe, a ratsa ta kan jirgin, a ƙare a ɗaya gefen, hannu bai tsaya ba. Zagayen farko kamar hazo ne kawai, har na ce bai kama ba ya ƙara. Ya ce a'a, in aka cika zai zuba kamar hawaye ya cike ƙananan layukan da ke jikin jirgin. Bayan kamar minti 15 ya sake, ya kuma sakewa.

Da ya sha iska muka shigo da shi ƙarƙashin fitila, sai murna ta koma ciki. Jirgin da muke gani sumul kafin feshi, yanzu ga layi nan tun daga bayan matuƙi har wutsiya, ga 'yar tsaga a gindin fiffike, ga ƙarzar samfefa, ga wani ɗan rami a hanci. Duk suna nan tun da, ƙyallin roba ne ya ɓoye su. Na ce, "Kai dai shafa koren ka, fenti zai rufe." Ya ce, "Umma, ba ya rufewa. Ƙara fito da shi yake yi." Ashe babban aikin shimfiɗar ke nan, ta nuna maka aibun tun ana iya gyarawa. Ya cike tsagar da wani ɗan ƙulli irin wanda masu gyaran jikin mota ke kira fila, ya bar shi ya bushe, ya goge da samfefa jiƙaƙƙiya, daga mai lamba 400 zuwa 800 zuwa 1000, don lambar na hawa laushi na ƙaruwa. Ya sake fesa wurin. Layin bayan nan sai da aka yi masa haka sau uku.

A jira na biyu ne, muna zaune a kicin da shayi, jirgi na can a rufe da kwali don ƙura, maganarsa ta yi ta yi mini yawo a ka. Naman da na ƙara a miya da kwalin da na saya duk shafe ne a kan tsaga. Na ajiye kofi na ce, "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, a gaban mahaifinka, na kuma ɗora wa ƙanenka laifina. Ka yafe mini." Wallahi 'yar uwa, naƙuda ce kawai na san ta fi wannan wuya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Umma." Muka yi shiru. Can sai ya fara magana, yana juya samfefa a hannu bai dube ni ba. Ashe akwai yaran da ke kwaikwayon Turancinsa duk lokacin da ya buɗe baki a aji, shi ya sa ya daina ɗaga hannu. Ashe shekara guda shi kaɗai yake cin abincin rana. Shekara guda, ina gida ɗaya da shi. Ranar Litinin mahaifinsa ya ajiye karatu ya je makarantar.

Mun dawo Kano a 2021. Jirage bakwai ya haɗa a can, amma uku kawai muka iya tahowa da su, kowanne a naɗe cikin ɗankwali a cikin kular abinci. Gwangwanin feshi ba a yarda a sa shi cikin kayan jirgi ba, don haka a nan sai ya koma wajen masu sayar da fentin mota. Wasu firaimar tasu na da ƙarfi har su ci roba, shi ya sa kullum sai ya fara gwadawa a bayan cokalin roba ya bar shi ya kwana. Matsalar ma ta juya. Can danshi muke gudu, nan zafi da ƙura. In rana ta take, fentin kan bushe a iska kafin ya sauka, jikin jirgi ya yi kaushi kamar an watsa masa rairayi. Da sanyin safiya yake yi, ya yayyafa ruwa a tsakar gida, yana gamawa ya kife aikin da babbar robar wankina. In hunturu ya kama kuwa sai ya haƙura da feshi gaba ɗaya.

Yanzu yana jami'a, sai hutu yake taɓa su. Hurricane ɗin nan na farko yana cikin shogilas ɗina, tsakanin tangaran. Ya gyara bakin fiffiken, ya yi masa shimfiɗa da fenti, amma na yi na yi ya ɓamɓare murfin ya sa wani ya ƙi. Duk baƙuwar da ta leƙa ta tambayi farin nan da ke ciki, in yana kusa shi ke riga ni amsawa, ya ce hannun Umma ne. Wannan hutun da ya wuce autata ya zaunar a teburin, ya ba ta wani ƙaramin jirgin ruwa, ina jin sa daga kicin yana ce mata ta kankare fentin bakin tukuna. Na leƙa na tambaye su ko sun buɗe taga.